Kwaɗin Madam Odil

Duk shekara, da sanyi ya fara sakin mutane, sai ɗalibanmu na jami'ar Bron su tuna suna da uwa a Minguettes, unguwarmu a gefen birnin Lyon. Su hau tiram, jirgin ƙasan cikin gari, su zo, su yi mini gaisuwar da ko iyayensu ba su samu, su ci tuwona, sannan a bakin ƙofa ɗaya ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya Habsu, ba za ki sa mu a aikin pisin ɗin nan ba? An ce ba wuya, magani ne kawai ake zubawa." To, ni ban yi lakkwal ba, ko ajin boko ban taɓa shiga ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce a rubuta yadda na faɗa, don na gaji da yin bayani a tsaye.

Ga wanda ke gida bai taɓa gani ba, pisin tafki ne na gini a bayan gidan mai hali. Ba a shan ruwansa, ba a wanki da shi, ba a ba dabba. Ni da na tashi a ƙauyen ƙasar Damagaram ina jan guga har tafin hannuna ya yi kanta, ranar da na gaya wa innata a waya aikin da na samu, sai da ta sa na maimaita. Can ta ce, "Ruwan ne kike wankewa?" Na ce shi ne. Ta ce, "Da me?" Na fara yi mata bayani, ta katse ni. "In an tambaye ni zan ce a otal kike."

A Paris na koya. Lokacin ina kitso a wani shago na ƙarƙashin ƙasa a Château Rouge, inda ba ka sanin rana ta fito ko ta faɗi. Wani tsoho mutumin Fotugal, Armando, yana zuwa sayen busasshen kifi a kantin da ke samanmu. Wata rana ya gan ni na ɗauko buhun shinkafa a ka daga bakin metoro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina gaisawa da mutane, sai ya biyo ni har ƙofa. Bayansa ya lalace, yana neman mai ja masa tamfol. Faransancinsa bai fi nawa ba, saboda haka shekarun da muka yi tare da yatsa muka yi su. In na yi daidai ya yi shiru. In ya ga abin bai yi masa ba sai ya cire hularsa ya kalli cikinta.

Bazarar farko, tamfol kawai ya bar ni na taɓa. Bazara nake cewa don ba mu da wani suna, amma tasu ba zafi, lokacin da itace ke sabon ganye ne. Idan sanyi zai shiga ana rufe pisin da tamfol, ruwan sama da ganye da duk abin da iska ta ga dama su taru a kansa wata da watanni, su zama baƙar miya. Ɗalibi in ya zo, kama gefe zai yi ya ja, miyar nan ta tafi cikin ruwa gaba ɗaya, ya sayo wa kansa aikin sati biyu a cikin ƙiftawar ido. Ba haka ake yi ba. Sai ka tsotse ruwan saman da ƙaramin famfo, ka share ganyen, sannan ku biyu ku riƙa naɗewa a hankali kamar kuna ninke zanen gado na amarya. A wanke shi, a shanya, ya bushe ƙarau. Wanda ya naɗe tamfol da danshi, baɗi zai gane shi tun daga bakin titi.

Bayan tamfol sai a fitar da robobin da aka jera a ruwa don kada ƙanƙara ta fasa bango, a cire toshiyar bututai, a mayar da kwandunan da ke tare ganye. Kayan aikin ba su da yawa: doguwar sanda, koma da buroshi da ake ɗaura mata, tiyo na tsotsa, da 'yar kwalbar gwaji. Kwalbar nan ka ɗebi ruwa ka ɗiga mata magani. In ta yi rawaya ruwan ya yi tsami, in ta yi ja ya wuce, ana son ta tsaya kalar lemo. Akwai lambobi a jikinta ga masu bukata. Sai famfo, injin da ke juya ruwan. Famfo kunne yake so. In yana tari, iska ta shige shi. In yana kuka siriri, ka kashe shi ka je ka yi salla, don abin da za ka gaya wa mai gida ba mai daɗi ba ne. Akwai kuma tukunyar yashi da ke tace ruwa, ita ma sai an juya mata ruwan baya ta amayar da dattin bara. Duk sai an gama wannan, an goge bango da ƙasa, sannan a zo ga maganin da kuke magana, kulor. Shi ma ba a haɗa shi da wani magani a bokiti ɗaya, sai in mutum ya gaji da huhunsa.

Kuma in ka zuba kulor, ruwa ba ya yin shuɗi nan take. Fari yake fara yi, kamar an dama fura ta yi ruwa. A nan masu gida ke kiran waya. Na yi wata mata da ke kira don ganye ɗaya ya faɗa, ta tsaya tana gadinsa har in zo. Na yi wani likita da bai taɓa sa ko yatsa a ruwan ba, shi dai ya hango shuɗi daga tagar ɗakin cin abinci. Sukan tambaye ni ko na iya iyo. Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, ruwa bai taɓa wuce gwiwar hannuna ba. Wanda zai shiga daban, wanda zai gyara daban.

Da maigidana Malam Isuhu ya samu aikin gadi a Vénissieux muka dawo Lyon, na fara nawa. Masu pisin a kan tudun da ke bayan gari suke, ni kuwa ba mota, sai tiram, sai metoro, sai kar, wato bas, mai hawa tudu. Makullin lambu na farko da aka ba ni na Madam Odil ne, tsohuwa ce mijinta ya rasu. A tudun nan ba a neman ma'aikaci a jarida. Kowa leƙen katangar Madam Odil yake, wanda ta ba makulli shi za su ba. Daga nata na samu na maƙwabta har suka cika mini jaka. Ku riƙe wannan, don in nata ya fita daga hannuna, sauran binsa za su yi kamar tumaki.

Shekarar da ta fi ba ni wuya, shekarar fari ce. Ruwan sama ya ƙi, hukuma ta hana cika pisin. Madam kuma ta faɗi ta karya ƙugu, duk sanyin a gado ta yi shi a ɗakinta na sama, ɗanta Bertran ke juya gidan. Iska ta yaga tamfol tun tsakiyar sanyi ba wanda ya gaya mini. Ranar da na buɗe ƙofar lambu, ban ga ruwa ba, miyar kuka na gani. Tsanwa shar, gansakuka har bakin bango. Na sa koma na ɗago, sai ga ta cike da talibambam, 'ya'yan kwaɗi, baƙi ƙirin suna motsi. Iyayensu kuwa sun jeru a kan yagaggen tamfol suna kallona kamar ni ce baƙuwa.

Bertran ya fito da kofin kafe a hannu. Tun da daɗewa yana so ya ba wani kamfani aikin, masu injin da ke yawo a ƙasan ruwa shi kaɗai, robo suke ce masa.

Ya ce, "Madam Habsu, ƙarshen wata Maman za ta cika shekara tamanin. Za a yi taro a nan bakin ruwa. Ina son shuɗi."

Na ce za a kwashe ruwan a sake sabo.

"An hana cikawa."

Na ce to a ba shi kulor mai ƙarfi.

"Zai kashe kwaɗin. Doka ta hana kashe su."

Na ajiye sanda. Na ce, "Misye Bertran, ba ku ne ke cin ƙafafunsu da tafarnuwa ba?"

Ya ce, "Waɗancan daga ƙasashen waje ake kawo su. Waɗannan 'yan ƙasa ne."

Ashe kwaɗo ma akwai mai takarda. Ya kurɓi kafensa ya ce in abin ya fi ƙarfina ba komai, in bar makullin a kan tebur, kamfani zai san yadda zai yi.

Na koma gida na kai wa Malam ƙara, ina zaton zai ce kwaɗo ne fa, zuba maganinki. Ya cire tabarau ya ce, "Habsu, ai mu ma an hana mu kashe kwaɗo. Kukansa tasbihi ne." Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya yarda da dokar Faransa da sauri haka ba. Na ce to in kwashe su in zuba a lambu. Ya ce za su koma ruwan su mutu, alhakin na kaina. Na ce kududdufin da ke gindin tudu. Ya ce ba ke kika ce ya ƙafe ba? Na ce kogi. Ya ce kifayen kogin nan sun kai ɗan akuya, wannan ai miƙa su ne. "Wanda ya ta da mutum daga gidansa, shi ke saukar da shi. Ki kawo su nan har a yi ruwa."

Daga baya aka ce mini ɗaukarsu ma doka ta hana. Ba wanda ya gaya mini a lokacin, kuma kwaɗin ba su kai ƙara ba.

Da me za a ɗauko su? Ƙungiyarmu ta mata tana da manyan kuloli na zuba shinkafar biki, kuma suna ɗakina, don bikin sunan ƙarshe a hawan benenmu aka yi. Na ɗaura biyu a kan keken cefane. Manyan kwaɗin da koma na kama su, kuma duk wanda ya ce kama kwaɗo da sanda mai tsawon mutum biyu wasa ne, ya zo in ba shi sandar. Ƙananan suna zubewa ta ramin koma, sai na ɗaura rariyar tankaɗe a bakin sanda. Ka ɗebo har ka ce sun ƙare, gobe ka dawo ka tarar kamar an yi musu gayya. Kullum in cika kula, in rufe ta da leda in huda don iska, in sauko tudu a kar, in shiga metoro, in hau tiram. A metoro wani babba daga cikinsu ya buɗe murya. Duk wanda ke kusa ya laluba aljihunsa yana duba waya. Ni ma na duba tawa.

A hawa na sha ɗaya muke. Bahon wanka ya zama nasu. Muka koma wanka da bokiti a tsaye a gefe, Malam yana alwala a kicin. Ƙananan ina dafa musu ganyen salati. Manyan ba su cin abin da ba ya motsi, sai Malam ya riƙa zuwa kantin masu kamun kifi yana sayo tsutsa. Mutumin da bai taɓa sayo mini ko albasa ba sai na aike shi sau biyu. Ya sa musu bulo a tsakiya su riƙa hawa, ya hana a kunna fitilar banɗaki da ƙarfi. Da magariba ta yi sai su fara, kuma banɗakunan benen nan bututun iska ɗaya ya haɗa su daga sama har ƙasa. Mai gadin bene ya kawo mai gyaran famfo, suka bi hawa hawa suna sa kunne a bango. Da suka zo namu Malam ya tsaya a ƙofa da carbi ya ce iyali na wanka. Bai yi ƙarya ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne kulolin. A wurinmu kula ba ta tafiya a banza. Duk matar da ta ga kular ƙungiya ta shiga gida, ta san akwai shinkafa, kuma in ba a gaya mata ba, an raina ta. Ranar Lahadi aka buga ƙofa. Na buɗe, sai ga shugabarmu Hajiya Mariyama ta sha leshi da ɗauri, mata huɗu a bayanta, ɗaya har da kwanon tafiya da saura.

Ba ta amsa gaisuwa sosai ba. Ta ce, "Habsu, me na yi miki?"

"Lafiya, Yaya?"

"Kwana da kwanaki kula na shiga gidan nan tana fita, duk Minguettes ta gani. Wa ya haihu? Ko Malam ne ya samu girma ake ɓoye mana?"

Na ce baƙi ne muka yi.

"Baƙin da suka fi mu? Daga ina?"

"Daga kan tudu."

"To mu gaishe su."

Na kai su. Na tura ƙofar banɗaki. Su biyar suka cusa kai, ƙamshin turarensu ya cika wurin. Wani ƙato a kan bulo ya kumbura wuya ya saki murya. Can mai kwanon ta ce a hankali, "Na ci ne ko na kiwo?"

Malam daga falo ya ce, "Amana ce, Hajiya."

Hajiya Mariyama ta juyo ta kalli kulolin da ke jingine. Ta ce, "A nan ciki za mu zuba shinkafar sunan jikar Fati?"

Na ce ni da nake wanke ruwa, kula ce za ta gagare ni?

Ta ce, "Ki riƙe su. Ƙungiya ta ba ki kyauta. Sababbi kuma ke za ki kawo." Suka zauna dai, tun da sun riga sun yi kwalliya, na dafa musu taliya. Har yau a wurin suna, in na miƙa hannu zan zuba wa mutane abinci, sai wata ta ce, "Bari, Hajiya, ki huta."

Can kan tudu kuwa, da na tabbata ba sauran mai rai a ruwan, na shiga aikina. Wahalar ita ce ba halin zubar da ruwa, ko bokiti ɗaya in ya fita ba mai mayar da shi. Saboda haka gansakukar da hannu na kwashe ta, koma bayan koma, in matse ruwan ya koma ciki. Na goge bango har kafaɗata ta daina ɗaguwa. Na daidaita kwalba ta yi lemo, na ba shi kulor, na bar famfo yana aiki dare da rana. Ya tashi daga miyar kuka ya koma fura. Na sa maganin da ke tara ƙura ta kwanta a ƙasa, na tsotse ta a hankali kamar mai tafiya kusa da jariri mai barci. Ana jibi taro, na jefa cokali a wuri mai zurfi, na hango shi har da zanen jikinsa. Bertran ya zo ya tsaya, ya duba ruwa, ya duba cikin ciyawa ko zai ga gawa. Bai ga ko ɗaya ba. Bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Ranar taro na je da sabon zane don in ga idon maƙwabta. Aka sauko da Madam Odil a keken marasa lafiya, farkon fitowarta tun da ta faɗi. Aka tura ta har bakin ruwa, mutane na tafi. Ta daɗe tana kallon shuɗin nan. Sannan ta ce, "Ina masu waƙata?"

Bertran ya sunkuya. "Su wa, Maman?"

"Wata da watanni ina kwance ina kallon silin. Kai kana zuwa ranar Lahadi ka duba waya ka tafi. Su ne ke yi mini hira ta taga. Sai na ji suna raguwa, suna raguwa, har suka yi shiru. Wa ya kashe su?"

Bertran, ɗan halak, ya nuna ni da kofin da ke hannunsa.

Na matso na ce, "Madam, ba wanda ya mutu. Suna gidana a Minguettes, hawa na sha ɗaya. Sun yi ƙiba. Ƙananan ma sun fara fitar da ƙafa."

Ta ce, "Me suke ci?"

"Tsutsa. Maigidana ke sayowa."

"A dawo mini da su."

Bertran ya ce, "Maman, pisin ne fa. Dubi yadda ya yi kyau. Kamfanin da na gaya miki ma..."

"Tun da ubanka ya rasu wa ya shiga ruwan nan? Kai? Ga shi nan, shiga." Ya kalli kwat ɗinsa. Ta ce, "Robon naka ya san su? A kashe famfo. Makulli yana wurin Habsu."

Aka kashe famfo a gaban baƙi. Wata guda na aiki ya tafi a banza, ina tsaye da sabon zane.

Kada ku ɗauka mayar da ruwa tsanwa abu ne mai sauƙi. Armando bai koya mini ba, ba wanda ya taɓa nema. Ruwan da ya sha kulor ba a sa mai rai a ciki, sai na jira rana ta cinye maganin, ina gwadawa da kwalba har ta daina nuna komai. Na riƙa kawo ruwan bahonmu a jarka ina zubawa don ya kama, kamar yadda ake sa tsohon nono a sabuwar madara. Na jingina katako a bango don masu sabuwar ƙafa su samu hanyar fita, na sa tukwanen ciyawar ruwa a kan matakala. Ranar mayar da su Malam ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya riƙe kula ɗaya a cinya tun daga tiram har kan tudu, bai yarda an ajiye ta a ƙasa ba. Maƙwabta suka leƙo ta katanga kamar yadda suka saba. Ba wanda ya karɓi makullinsa. Biyu ma suka tambaye ni ko irin wannan ake yayi yanzu.

Da bazara ta zagayo na hau tudu na buɗe ƙofar lambu, sai na tarar da Bertran a tsaye a kan hanya, hannu a aljihu. Ruwan ya yi tsanwar da duk Lyon ba irinta, Madam na sama ta buɗe taga.

Ya ce, "Madam Habsu, don Allah, yanzu mene ne aikinki a gidan nan?"

Na ce, "Ina hana shi yin shuɗi."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya matsa gefe ya ba ni hanya, don gwangwanin tsutsa ne a hannuna.